Tambaya: yaya ake gano kebul da bututun ruwa kafin a haƙa rami a Jidda?

Abu Sadiku:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Za mu haƙa ramin bututun magudanar ruwa daga wani gida zuwa babban layi a kudancin Jidda. Tsawonsa mita 40, zurfinsa mita ɗaya da rabi, kuma kusan mita 12 zai bi ta gefen titi. Akwai tiransifoma a kwanar layin, mai gidan kuma ba shi da taswirar komai. Wani ya ce hayar na'urar gano kebul ta wadatar, wani ya ce sai an kawo rada, wato na'urar da ke nuna abin da ke ƙarƙashin ƙasa a allo. Wanne ne daidai?

Injiniya Bala:
Wa alaikumus salam, Malam Abu Sadiku. Kafin zancen na'ura, mita 12 ɗin nan na gefen titi ba a taɓa su sai da rukhsar haƙa, wato takardar izini daga hukuma. Ana nemanta ta manhajar Balady, ta nan ake haɗa ka da kamfanin wuta, kamfanin ruwa da kamfanonin sadarwa. Taswirar da za ka samu tana gaya maka abin da za ka nema ne kawai, domin sau da yawa an ƙara kwalta ko an karkatar da layi bayan an zana ta.

Na'urar gano kebul guda biyu ce: mai ji, wadda ake riƙewa a hannu, da mai aika sigina, irin su C.A.T da Genny na Radiodetection. Mai jin tana da saiti uku. Saitin wuta yana jin kebul ɗin da ke ɗauke da lodi. A nan ka lura, wutar Saudiyya 60 Hz ce, ta Sudan da Najeriya 50 Hz, don haka ka tabbatar wadda ka yi haya ta dace da 60. Wannan saitin yana tsallake kebul ɗin fitilun titi da rana tunda a kashe suke, haka nan kebul mai layi uku idan lodinsa ya daidaita. Saitin rediyo yana kama dogon ƙarfe, amma gajeren reshe yakan kuɓuce masa.

Na ukun shi ne abin dogaro: ka sa siginar 33 kHz da kanka. A bututun ƙarfe ka kankare tsatsa ka maƙala jar wayar mai aikawar, baƙar kuma ka kai ta ga ƙarfen da ka kafa a ƙasa, a gicciye da layin. Idan ƙasar ta bushe ka zuba ruwa a gindin ƙarfen, in ba haka ba siginar ba za ta yi nisa ba. A kebul ɗin wuta matsewar zobe da ke haɗe da mai aikawar ake zagaya masa, ba a taɓa wayar ciki. Idan babu inda za ka maƙala, ka ajiye mai aikawar a ƙasa bisa layin, ka matsa aƙalla mita 10 kafin ka fara saurare, don kada ka riƙa jin na'urar ta iska ka zaci kebul ne. Ka bi filin a tsaye, ka sake binsa a gicciye, kana sa alama da fenti.

Malam Isa Sabil:
Injiniya ya gama magana a kan ƙarfe, saura roba. Bututun ruwan da ke shiga gidaje yanzu yawanci roba ne, kuma na'urar nan ba ta jin roba sam, sai in an binne siririyar waya tare da shi. Kebul ɗin intanet na faiba ma haka, in ba mai sulken ƙarfe ba ne. Shi ya sa aka ce maka rada.

Sai dai rada a Jidda sai a hankali. A busasshen yashi, eriya mai 250 zuwa 400 MHz tana gani har mita biyu ko uku. Amma ƙasar sabkha mai gishiri, ga ruwan ƙasa a kusa, tana shanye siginar, wani lokaci ko rabin mita ba za ta ratsa ba. Kada ka biya kuɗin yini sai mai radar ya gwada a kan bututun da aka san wurinsa, misali kusa da mitar ruwa. In bai fito a allo ba a nan, kada ka dogara da radar a sauran filin. Kuma sai an gitta bututu ake ganinsa kamar baka a kife. In aka bi tsawonsa zai iya wucewa ba a lura ba.

Abu Sadiku:
Na gode ƙwarai. To tsohon bututun magudanar gidan fa? Roba ne, ba mu san inda ya bi ba.

Malam Isa Sabil:
Wannan mai sauƙi ne tunda a buɗe yake. Akwai ƙaramar mai aika sigina kamar batirin tocila, ana ɗaura ta a bakin sandar da ke lanƙwasa a tura ta daga manhol, wato ramin duba magudana mai murfi. Ka tura mita biyu, ka tsaya, ka nemo ta daga sama, ka sa alama. Za ka ji ƙara uku a jere: ta tsakiya mai ƙarfi ita ce wurin, ƙananan biyun na gaba da baya ruɗi ne.

Alhaji Ɗanlami Makawil:
Ɗan'uwa, ko me allo ya nuna, kada bokilen, wato motar haƙa rami, ya fara aiki sai an haƙa ramukan gwaji da hannu a gicciye da kowace alama. Zurfin da na'ura ke bayarwa zuwa tsakiyar bututu ne, saman babban bututu ya fi haka kusa da kai. Cikin rabin mita daga layin da aka gano, shebur kawai, ban da diga da injin fasa kwalta, kuma a haƙa ta gefe a zo wa kebul ɗin daga haƙarƙari. Kusa da tiransifomar nan ka sa ran kebul mai 13.8 kV, kuma da wuya ya zama guda ɗaya. Idan kun ci karo da lallausan yashi, ledar gargaɗi ko jerin bulo, kun iso, a tsaya. Duk santimita 30 da aka sauka a sake bin ramin da na'urar. Idan kuwa an ƙuje bawon kebul, ko da wuta ba ta ɗauke ba, a fitar da kowa daga ramin, a kira kamfanin wuta, kada a rufe shi da ƙasa, domin danshi zai shiga ya fasa shi daga baya.