Abin da jama'a ke so daga ciyaman a birnin Kano

A zaman da muka yi da dattawa da matasan unguwa kan aikin shugaban ƙaramar hukuma, an fara ne da magudanan ruwa: a yashe su tun kafin damina, domin kwatar da leda ta toshe ita ke kai ruwa ɗakunan mutane.

Inda aka fi daɗewa shi ne gidauniyar tallafa wa mabuƙata. An buƙaci ciyaman ya nemi gudummawar 'yan kasuwar Kantin Kwari da Kurmi, amma kuɗin ya shiga asusun da mutum uku za su sa wa hannu, a kuma karanta lissafin a rediyo. Rabon ya bi ta hannun masu unguwanni da limamai, su suka san gidan da ba a ɗora tukunya ba. Wata uwa ta roƙi a daina ɗaukar hoton marayu suna karɓar buhu, kuma wallahi ina bayanta.

An tuna cewa a 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Don haka ciyaman ya riƙa zama da jama'a duk wata, ya ji kokensu da kunnensa.