Laftof don karatun injiniya: wacce zan ɗauka cikin biyun nan?

Assalamu alaikum. Zan fara karatun injiniyan kanikanci, kuma an ce mana da SolidWorks (manhajar zana sassan inji) da MATLAB (manhajar lissafi) za mu riƙa aiki. Zaɓen laftof ya gagare ni.

Na gwada tsohuwar kwamfutar yayana mai RAM 8GB. SolidWorks yana buɗewa, amma da na haɗa sassa da yawa na fara juya zanen sai ta riƙa maƙalewa, fankarta na ta ƙugi, ƙasanta ya ɗau zafi. Na kai a ƙara mata RAM, mai gyara ya ce a manne yake da allon ciki, ba ya ciruwa. MacBook kuwa ba ta cikin lissafi, tunda a Windows kawai SolidWorks yake aiki.

Guda biyu kuɗina za su iya saya. Ɗaya RAM 16GB gare ta, ba nauyi, batirinta na daɗewa, amma ba ta da katin zane na daban (graphics card, mai sarrafa hoto da zane). Ɗayar tana da katin zane na RTX 3050 da RAM 8GB da ake iya ƙarawa, sai dai nauyi, ga shan caji, ni kuma wuni zan riƙa yi a aji.

Waɗanda suka yi aiki da SolidWorks, don Allah wacce za ta kai ni har aikin shekarar ƙarshe ba tare da wannan maƙalewar ba?