Da me ake auna tasirin masanin kimiyya irin Frederick Sanger?

Ɗalibar digiri na biyu:
Assalamu alaikum malamai. An ba mu aikin nazarin gudummawar wani masanin ilmin ƙwayoyin halitta, sai na zaɓi Frederick Sanger na Kambirij a Ingila, wanda ya rasu a 2013. Malaminmu ya ce mu fara da yawan maƙalun da mutum ya wallafa, da yawan masu ambaton maƙalunsa a cikin nasu rubuce-rubucen, da ma'aunin h wanda Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, Sanger ya kwashe kimanin shekara goma a kan furotin guda, wato insulin, kafin ya kammala gano jerin amino asid 51 da ke cikinsa, wato ƙananan tubalan da ake gina furotin da su, a 1955. Shin waɗannan alƙaluma za su iya nuna girman irin wannan aiki?

Malamin ɗakin gwaji:
Wa alaikumus salam, Malama. Zaɓinki ya yi kyau, domin Sanger yana cikin 'yan tsirarun da alƙaluma ba su zalunta ba. A 2014 mujallar Nature ta fitar da jerin maƙalu 100 da aka fi ambato a tarihin kimiyya, kuma maƙalarsa ta 1977, wadda ya rubuta tare da Nicklen da Coulson a kan hanyar karanta jerin haruffan DNA, wato sinadaran da ke jere a cikinsa ɗauke da bayanan gado, ita ce ta zo ta huɗu. Sai dai ki duba ukun da ke gabanta. Ta Lowry ta 1951 da ta Bradford ta 1976 duk hanyoyin auna yawan furotin ne, ta Laemmli ta 1970 kuma ana ambatonta ne saboda dabarar rarrabe furotin gwargwadon girmansu. Maƙalar Watson da Crick ta 1953, wadda ta bayyana siffar DNA, ko cikin jerin ba ta shiga ba. Dalilin bai da wuyar ganewa: wanda ya yi amfani da wata dabara dole ne ya faɗi inda ya samo ta, amma ilmin da ya riga ya shiga littattafan makaranta ba wanda yake ƙara ambaton mai shi. Saboda haka abin da yawan ambato ya fi nunawa shi ne yawan hannuwan da suka ɗauki kayan aikin mutum.

Ma'aikaciyar laburare:
Na yarda da Malam, amma ina gudun kada a ɗauka cewa alƙaluman ba su da amfani. Ma'aunin h yana nufin mutum yana da maƙalu h da aka ambaci kowacensu aƙalla sau h, don haka ba zai taɓa wuce adadin maƙalun da mutum ya wallafa ba, komai nauyinsu. Wannan rauni ne na gaske. Haka kuma, sanarwar San Francisco ta 2012 a kan tantance bincike ta nemi a daina auna masani da darajar mujallar da ya wallafa a ciki. Duk da haka, 'yar'uwa, kada ki watsar da su. Ki nemo yadda ambaton maƙalar 1977 ya gudana shekara bayan shekara, ki kuma faɗi rumbun da kika ɗauko alƙaluman, domin Scopus da Google Scholar ba sa ba da adadi ɗaya.

Malamin ɗakin gwaji:
Hakane, Malama. Ni dai abin da na fi so ɗalibar nan ta zurfafa a kai shi ne abin da ya biyo bayan aikin. Kafin aikin Sanger a kan insulin, ba a tabbatar cewa kowane furotin yana da tsayayyen jerin amino asid nasa ba, kuma wannan tabbaci ne ya kawo masa kyautar Nobel ta 1958. Ta biyun ta zo a 1980, tare da Walter Gilbert da Paul Berg. A shekarar 1977 ɗin nan Maxam da Gilbert ma sun fitar da tasu hanyar karanta DNA, amma tana buƙatar sinadarai masu haɗari, ita kuwa ta Sanger, da take dakatar da kwafin DNA a kan harafin da ake so, ta fi sauƙin mayarwa aikin na'ura, kuma da ita aka karanta kundin halittar ɗan Adam, wato jerin haruffan DNA ɗinsa. A 1981 ɗakin gwajinsa ya karanta DNA ɗin mitokondiriyar mutum, wato sashen ƙwayar halitta da ke samar mata da kuzari, haruffa 16,569. Ga kuma ɗalibai: Rodney Porter da Elizabeth Blackburn duk a hannunsa suka yi digirin digirgir, kuma kowanensu ya samu Nobel, shi a 1972, ita a 2009. Babu ma'aunin da ke ƙirga wannan.

Ɗalibar digiri na biyu:
Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara basira. Zan sa alƙaluman a babi guda tare da bayanin iyakarsu, sannan in kwatanta makomar hanyar Sanger da ta Maxam da Gilbert, tunda shekararsu ɗaya kuma matsala ɗaya suka warware.