Manhajar koyon gudu ta kai ni sati na biyar na kasa: in ci gaba ko in koma baya?

Mai Shago a Wadata, Yamai

Assalamu alaikum, ƴan uwa. Shekaruna 41, kuma rabona da gudu tun ina kwaleji. Wuni nake yi zaune a shago, da dare kuma in zarce fada a sha shayi, har watanni biyu da suka wuce likita ya auna ni ya ce jinina ya fara hawa, ya ɗora ni a kan magani, ya kuma umarce ni da in rage gishiri in riƙa motsa jiki. Ɗan yayata ne ya saka mini wata manhaja a waya mai suna Couch to 5K, wadda aka ce tana ɗaukar mutumin da bai taɓa gudu ba ta kai shi kilomita 5 cikin sati tara, ana fita sau uku a kowane sati.

Farkon abin ya yi mini daɗi, domin gudun sakan 60 ne a bi shi da tafiyar sakan 90, murya tana faɗa maka a kunne lokacin tashi da lokacin sassautawa. Amma da na kai fita ta uku a sati na biyar, inda take neman gudun minti 20 ba tsayawa, sau biyu ina gwadawa ina kasawa wajen minti na goma sha biyu, kaina yana sarawa, ƙwaurina na dama kuma yana zogi. Bayan la'asar nake fita, a kan kwalta. Ƙari a kan haka, hanya ɗaya nake bi kullum, amma yau wayar ta ce kilomita 3 na yi, gobe ta ce biyu da rabi. Shin manhajar ce ba ta da inganci, ko ni ne gudu bai karɓe ni ba? Burina shi ne nan da shekara guda in iya kilomita 10.

Tsohon Malamin Wasanni, Yantala

Wa alaikumus salam, ƙanena. Gudu ya karɓe ka, tun da ka kai sati na biyar. Wanda bai karɓa ba a sati na biyu yake ajiye takalmi. Wurin da ka tsaya kuwa sananne ne ga duk wanda ya bi wannan tsari, domin fitar da ta gabace shi gudun minti 8 ne sau biyu da tafiyar minti 5 a tsakani, sai kwatsam a ce ka yi 20 a jere. Tsallen yana da girma, kuma babu wanda ya hana a maimaita sati. Ka koma sati na huɗu ka yi shi cikin natsuwa, ka maimaita na biyar ko da sau biyu ne, manhajar ba za ta kai ka ƙara ba.

Akwai abin da ya kamata ka sani game da asalin wannan tsari. Wani ɗan Amurka mai suna Josh Clark ne ya tsara shi a 1996, daga baya hukumar lafiya ta Ingila ta ɗauke shi ta yi masa manhaja. Kenan an yaɗa shi ne a ƙasar da mutum zai fita gudu da yamma da rigar sanyi a jikinsa. Muryar da ke kunnenka ba ta san cewa a Yamai zafin watan Afrilu da Mayu yana haura digiri 40 ba, ba ta kuma san cewa kwalta bayan la'asar tana mayar da zafin da ta sha tun hantsi ba. Idan ana zafi, jiki yana tura jini mai yawa zuwa fata don ya huce, zufa tana rage ruwan jiki, sai zuciya ta ƙara bugu kafin ta biya wa tsokoki buƙatarsu. Saboda haka minti goma sha biyun da ka yi da ƙarfe biyar na yamma sun fi wahalar minti 20 na bayan sallar asuba. Ka mayar da fitarka can, lokacin da gari ya fi sanyi kuma motoci da kabu-kabu ba su cika hanya da hayaƙi ba.

Na kuma yi imani gudunka ya yi sauri, domin wannan ita ce cutar kusan duk mai farawa, musamman namiji da ke jin kunyar a gan shi yana tafiyar hawainiya a unguwarsu. Ma'aunin da na koya wa ɗalibai shekara da shekaru ba ya buƙatar waya: idan kana gudu kana iya gaida mutum, ka tambaye shi gida da iyali a cikin jimla ɗaya ba tare da numfashi ya yanke maka ba, to kana kan daidai, idan kalma ɗaya-ɗaya ce ke fita, ka sassauta. Kada sunan manhajar ya ruɗe ka. Sati na tara gudun minti 30 ne, kuma kafin mutum ya cika kilomita 5 a wannan lokaci sai yana cin kowace kilomita a minti 6, abin da masu farawa da yawa ba su kai ba sai bayan watanni. Lokacin ake so ka cika tukuna, nisa zai biyo baya da kansa.

Game da ƙwauri, zuciya da huhu sun fi ƙashi da jijiya saurin sabawa da aiki. Shi ya sa mutum kan ji ƙirjinsa ya buɗe, ya ƙara gudu, alhali ƙafafunsa ba su shirya ba. A gaskiya wannan shi ne babban amfanin manhajar a wurina, cewa tana hana mutum zarce ƙima ta tilasta masa hutun yini ɗaya tsakanin fita da fita. Ka huta sati guda, ka bar kwalta ka nemi ƙasa mai ƙarfi wadda ba rairayi mai zurfi ba, ka kuma duba takalminka. Na gwanjo ba laifi ba ne in ƙasansa bai cinye ta gefe ɗaya ba, amma ka saye shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka bar kamar faɗin babban yatsa tsakanin yatsunka da bakin takalmin.

Mai Gyaran Waya, Boukoki

Baba Malam ya gama maganar jiki, ni bari in taɓa ta wayar, Alhaji. Nisan da manhaja ke nuna maka daga GPS take samunsa, wato saƙon taurarin ɗan Adam da ke shawagi kimanin kilomita 20,000 a sama, kuma waya tana buƙatar ta kama aƙalla huɗu kafin ta san inda take. Ba ta auna hanya kamar yadda magini ke auna fili da igiya. Takan ɗauki matsayinka lokaci bayan lokaci, sannan ta haɗa ɗigon da layi. In ta rasa saƙo a ƙarƙashin bishiyoyi ko kusa da dogon gini, sai ta ja layi miƙaƙƙe ta yanke kwana, nisan ya ragu.

Amma abin da na fi gani a teburina shi ne tsarin tattalin batir. Wayoyin Android da yawa suna kashe manhajar da ke aiki a ɓoye da zarar allo ya mutu an saka waya a aljihu. Ka shiga saitin batir ka cire manhajar daga jerin waɗanda ake taƙaitawa, ka ba ta izinin sanin wuri, sannan kafin ka tashi ka tsaya a fili na minti ɗaya har ta kama saƙo sosai. GPS kansa ba ya cin mega, don haka kana iya rufe intanet kana gudu, sai dai in yana buɗe wayar ta fi saurin gano wuri. In kana so ka gwada gaskiyarta, ka je filin wasa na Seyni Kountché ko wani fili mai da'irar gudu ta ƙa'ida: zagaye ɗaya a layin ciki mita 400 ne, kilomita 5 kuwa zagaye goma sha biyu da rabi. Ko a can za ka ga ɗan bambanci, kuma tun da tsarin da kake bi da minti yake aiki, wannan ba zai ɓata maka horo ba.

Ma'aikaciyar Jinya, Tawa

Ina gaida kowa. Malam, na yarda da kusan duk abin da ka faɗa, sai dai ban yarda Yaya ya tsaya ga canza lokaci da maimaita sati kawai ba, domin ya ambaci abubuwa biyu da bai kamata a wuce su da sauri ba: yana shan maganin hawan jini, kuma kansa yana sarawa in yana gudu. Wasu magungunan hawan jini suna sa yawan fitsari, wanda in ya haɗu da zufar wannan bazara zai iya busar da jiki ya kawo jiri. Wasu kuma suna rage bugun zuciya, ta yadda lissafin nan da manhajoji da agogunan hannu ke yi, na cire shekarun mutum daga 220 don sanin iyakar bugu, ba zai yi masa aiki ba, ga shi dama ƙiyasi ne ko ga mai lafiya. Yaya, ka ɗauki kwalin maganin da wayar ka koma wurin likitan da ya rubuta maka, ka nuna masa tsarin satuttukan, a sake auna ka kafin ka ci gaba. Duk ranar da ka ji nauyi ko ciwo a ƙirji, ko jiri, ko gani ya dushe, ka tsaya nan take ko da muryar tana cewa saura minti ɗaya.

Ƙwaurin ma akwai gwajin da za ka yi a gida. Ka bi gefen ƙashin ta ciki da yatsa. In ciwon a warwatse yake tsawon ƙashin kuma yana lafawa da hutu, shawarar Malam ta isa. In kuwa wuri ɗaya ne da kan yatsa zai iya rufewa, yana ciwo ko tafiya kake yi ko kana kwance, ana iya samun tsagewar ƙashi ta yawan aiki, kuma wannan sai an duba.

Ni ma da irin wannan manhaja na fara, a nan Tawa, mu uku da maƙwabtana muke fita bayan asuba. Sati tara ya ɗauke mu kusan wata huɗu, saboda hunturu ya riske mu a tsakiya, kuma ranar da ƙura ta rufe gari ba ma fita, ɗayarmu tana da asma. Da azumi ya zo muka bar gudu muka koma tafiya bayan tarawihi, bayan sallah muka ɗora daga sati biyu baya. Fitsari muke dubawa mu gane ko ruwa ya ishe mu: in ya yi duhu, ba mu sha isasshe ba.

Akwai kuma abin da maza ba su cika lura da shi ba. Manhajoji irin su Strava suna zana taswirar hanyar da mutum ya bi, kuma in bai rufe ba wasu za su iya ganin ƙofar da yake fitowa da ƙarfe nawa yake fita. A farkon 2018 taswirar da Strava ta wallafa ta bayyana wuraren sansanonin soja a ƙasashe daban-daban, saboda sojoji suna kunna manhajar idan za su yi gudu. Mai shagon da ke barin gida da duhun asuba, ko macen da ke fita, ya kamata ya mayar da bayanansa na sirri, ya kuma kunna manhajar bayan ya yi nisa da gida.

Tsohon Malamin Wasanni, Yantala

Hajiya ta yi gaskiya, kuma na karɓi gyara. Maganar maganin ta wuce ni. Abin da zan ƙara shi ne batun kilomita 10. In ka kai minti 30, kada ka yi gaggawar sauko da wata manhajar. Ka zauna a kan minti 30 sau uku a sati har wata guda, sannan ka zaɓi fita ɗaya, misali ta Lahadi, ka riƙa tsawaita ta da ƴan mintuna, sauran biyun ka bar su yadda suke, kuma kowane sati na huɗu ka rage. Tafiya a tsakiyar gudu ba abin kunya ba ce, akwai masu gama gudun fanfalaki na kilomita 42 da wannan dabara. Da wannan lissafi dogayen fitarka za su faɗo a watan Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da safiyar Yamai ta fi daɗin gudu.

Mai Shago a Wadata, Yamai

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na duba saitin batir na tarar manhajar tana cikin waɗanda ake kashewa, na gyara. Na kuma bi ƙwaurin da yatsa kamar yadda Hajiya ta ce, ciwon a warwatse yake, ba wuri ɗaya ba. Ranar Litinin zan koma wurin likita da kwalin maganin, in ya amince zan fara daga sati na huɗu bayan asuba. Matsalar da ta rage ita ce fada, domin wanda ya kai ƙarfe ɗaya na dare yana jiran shayi na uku ba zai iya gudu da asuba ba, kuma na riga na faɗa wa abokaina jiya cewa daga yanzu na farko kawai zan riƙa sha in tashi. Malam, in akwai masu fita tare ta wajen Yantala ranar Lahadi, ina so a sanar da ni wurin haɗuwa da lokaci.