Wace kalma za mu sa wa "wizard" idan yaro ne ɗan shekara 12?

Mai Fassara, Fagge: Jama'a, ga matsala. Labari nake fassarawa daga Turanci, na yaro maraya da aka haifa da baiwar sarrafa abin da ido ba ya gani, ya shiga hannun malamai, yana girma manyan masu irin baiwar na ta kokawar mulki a kansa. Shi ne jarumin, dole mai karatu ya so shi. Boka zan ce ko maye?

Malamar Hausa, Gwale: Malam, cire maye tun yanzu. Maye kurwa yake kamawa. A wurin Bahaushe maita ƙanƙara ce a ciki, ana gadonta ko a saya, wanda aka zarga kuma tsallaka marar lafiya ake sa shi ya yi a gaban jama'a. Babu makarantar maita, babu sanda irin ta "wizard", kuma babu uwar da za ta bar ɗanta ya riƙe littafin da jaruminsa maye ne. Boka kuwa sana'a ce: yana da wurin zama, yana da masu zuwa neman magani ko asiri, ana biyansa. Yaron naka wa yake yi wa aiki?

Mai Tace Rubutu, Kurna: Matsafi ma ba zai yi ba, tsafi sai da abin bauta da yanka. Da ka ce matsafi mutumin Kano Barbushe yake gani a kan Dala yana shiga wurin Tsumburbura. Masihirci ya fi kusa ta wajen ma'ana, amma kalmar wa'azi ce, tana ɗauke da hukunci. Ka ajiye ta don mugun da ke cikin labarin.

Malamar Hausa: Ni hatsabibi na zaɓa. Tana da dangi cikakke: hatsabibiya, hatsabibai, hatsabibanci, don haka "makarantar hatsabibai" da "majalisar hatsabibai" duk suna zama a baki. Ba ta faɗi inda ƙarfin ya fito ba, aljani ne, gado ne ko karatu, marubuci ne zai cike wannan. Sannan ga riba: a gida ana ce wa yaron da ya gagari kowa hatsabibi. A babi na farko maƙwabta za su kira shi hatsabibin yaro suna nufin fitina, a babi na ƙarshe a kira shi haka ana sunkuyar da kai.

Mai Ɗora Murya, Ƙofar Wambai: Yaya, a takarda na yarda. A fim akwai wahala: kalmar Turancin gaɓa 2 ce, hatsabibi 4, bakin ɗan wasa zai rufe kana kan "bi" na farko. Abin da ya sa ake yawan jefa boka ke nan. Dabarar ita ce a faɗi hatsabibi inda kyamara ba ta kan fuska, a wurin kira kuma a ce "malam" ko "yaro".

Mai Tace Rubutu: Amma a kula, jaridu sun saba da "hatsabibin ɗan fashi". Kada ka sa kalmar a matsayin siffa gaban wani suna, ta tsaya da ƙafarta: "shi hatsabibi ne". Ambato na farko kuma ka raka ta da aiki, a ga ya kunna fitila ba ashana.

Mai Fassara: To girman nasa fa? Balaga ta yi mini kama da darasin fiƙihu.

Malamar Hausa: Yaye. Yadda maƙeri ko tela ke yaye yaronsa ya ba shi kayan aiki. Kafin nan ɗan koyo ne, ranar da aka miƙa masa sandarsa an yaye shi. Kalmomin da yake furtawa kuma ɗalasimai, kada ka ce surkulle, mai karatu zai ɗauka shirme yake yi.

Mai Fassara: Na ɗauka, Malama. Hatsabibi ga yaron da malamansa, masihirci ga mai son ƙwace kujera. Boka zan bar wa tsohon nan mai sayar da saiwoyi a babi na 3.