Giwa mai gashi: da wane misali zan fara darasi?

Malama Binta: Salamu alaikum 'yan zaure. Ranar Litinin zan koyar da 'yan SS2 yadda manyan dabbobin zamanin ƙanƙara suka ƙare bayan mutum ya bazu a duniya. Da me zan fara? Bidiyo ma ina so, wanda ba ya cin data.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Fara da tsuntsun moa na Niyu Zilan. Mutanen Maori sun isa can wajen 1300, ba a yi shekara 200 ba suka cinye shi tas. Ga mafarauci ga abin farauta, yara za su gane.

Malam Auwalu: Malama, bidiyon nan ki kalle shi da kanki tukuna. Ni na sha kunya bara. Na sauko da wani, na haska wa yara ban duba ba, ashe ya haɗa giwa mai gashi da dainaso suna kiwo tare. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce ai dainaso ya ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce. Aji ya yi tsit. Sati biyu ina gyara ɓarnar minti goma. Abin da ya cece ni labarin tsibirin Wrangel ne, a arewacin Rasha, inda giwayen suka rayu har shekara 4,000 baya, bayan an gina manyan dalolin Giza na Masar. Har yanzu yaran suna tuna shi.

Injiniya: To ai Wrangel ya nuna ba sanyi ba ne ya ƙarar da su, mutum ne. Inda mutum bai taka ba, sun daɗe.

Baban Khalifa: Ɗumamar yanayi fa? Ciyawarsu ta koma daji da fadama.

Injiniya: Sau nawa duniya ta ɗumama kafin nan, ba su ƙare ba?

Malam Auwalu: Sawun ƙafar mutane na White Sands a Amurka ya haura shekara 21,000. Ke nan an daɗe ana zaune tare da manyan dabbobin kafin su ɓace. Injiniya, sai ka amsa.

Ɗan Agadas: Ku zo Dabus, nan jihar Agadas, ku ga raƙuman dawa sassaƙe a dutse, tsakiyar hamada. Su ma mafarauta ne suka kwashe ruwan?

Hajiya Ladi: Ni tambayata, giwa ɗaya tsire nawa za ta yi? 😂

Injiniya: Hajiya, sai an haɗo duk masu tukubar Kano.

Malama Binta: Jama'a, bidiyon fa?

Ɗan Agadas: Injiniya bai amsa ba tukuna.