Taliya da kayan lambu, ya ake yi kada ta caɓe?

Amaryar Gwale:
Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah a taimaka min. Likita ya ce maigida ya rage nama da maiƙo, shi ne nake so in riƙa yi mana taliya da kayan lambu da daddare tunda ba ta cin lokaci, amma duk sanda na haɗa komai a tukunya ɗaya kamar dafa-duka kafin karas ya yi laushi taliyar ta caɓe, kabejin ma ya narke ba ka ko ganinsa. Ina da karas, kabeji, koren wake, koren tattasai da albasa. Ya kuke yin taku?

Maman 'yan biyu:
Wa alaikumus salam amarya, Allah ya ba maigida lafiya. Kowanne a cikinsu da lokacin shigarsa ne, karas da kabeji ba sa'o'in juna ba ne a wuta. Ki fara ɗora ruwa mai yawa, leda ɗaya ta giram 500 tana son kamar lita 4, sai ya tafasa sosai ki sa gishiri ki zuba taliyar ki juya nan take don kada ta manne. Minti 7 zuwa 8 ki tsame tana da ɗan ƙarfinta a haƙori, amma kafin ki tsiyaye ki ɗebi kofi ɗaya na ruwan ki ajiye, kada ki manta da wannan dan Allah don sitacin da ke ciki shi ke sa miyar ta kama jikin taliya. Sai ki sa man gyaɗa cokali 2 a kasko ki soya albasa da tafarnuwa da 'yar citta, ki zuba jajjagen attaruhu da tumatir ko biyu ne, in ya soyu karas da koren wake su fara shiga ki ba su minti 5, ki yanka karas ɗin siriri dai ya fi saurin yi. Kabeji da tattasai su ne ƙarshe, minti 2 ya ishe su. Juye taliyar a kai da ruwan nan da kika ajiye da kori da magi, ki juya har ruwan ya tsotse ki sauke.

Ɗan makaranta:
Ni fa in na tsame ina ɗauraye ta da ruwan sanyi ne, tana yin wara-wara sosai. Kuma ƙwai biyu dafaffu a gefe ya wadatar, ba ka ma tuna nama.

Maman 'yan biyu:
Ɗaurayewa in za a ci da mai da yaji ne ko za a ajiye ta daɗe, ɗana. Amma wacce za ta shiga kasko yanzu-yanzu in ka wanke ta miyar zamewa take yi, ɗanɗanon ya tsaya a ƙasan faranti.

Hajiyar Zariya:
'Yata ki ƙara daddawa kaɗan a wajen suyar albasar, da busasshen kifi in ba a hana shi ba, wallahi ƙamshin kaɗai ya isa. In kuma hawan jini ne ya sa likitan ya yi magana to ki rage magi da gishiri sosai, tafarnuwa da citta da lawashi za su rufe miki. Kabejin ki wanke da ruwan gishiri ki bar shi ya tsane a kwando kafin ya shiga wuta, in ba haka ba ruwa zai saki. Sannan in taliyar murji ce irin tamu ta gida ki tsaya a kanta, ta fi ta leda saurin dahuwa nesa ba kusa ba.

Amaryar Gwale:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya eh hawan jinin ne, zan rage magin in sha Allah. Alayyahu fa, in na samu yaushe zan zuba shi?

Hajiyar Zariya:
Bayan kin juye taliyar, ki watsa shi a sama ki rufe ki kashe wuta, tururin zai dafa shi.